Albasar Kassimu

Badaru ya tsuguna a kan kunyar da ta raba gonarsa da ta ƙaninsa Kassimu, ya tura yatsa cikin ƙasa ya zagaye kan albasa guda ta Kassimu. Tafin hannunsa bai iya rufe ta ba. Ya waiwaya ya dubi nasa fangalin: ganye ya yi rawaya daga baki, kawunan kuwa kamar ƙwan zabuwa. Fadama ɗaya ce mahaifinsu ya bar musu a gefen Gatawa, rijiya ɗaya suke ja, iri ɗaya suka dasa a rana ɗaya.

"Baffa, an tashi lahiya?"

Nuriyya ce, 'yar Kassimu da ta dawo daga makarantar koyon aikin gona a Sakkwato, goye da tankin feshi. Warin ɗanyen ganye ya riga ta isowa.

"Lahiya lau," ya ce, ya miƙe yana kakkaɓe hannu.

"Akwai saura cikin tanki, Baffa. In hesa maka ko fangali biyu ne? Har yanzu ba a makara ba."

"Bar shi. Albasata ba ta saba da kwaɗon zogale ba."

Wannan ba'ar ya yi tun farkon rani, ranar da ya tarar da ita tana daka sabon ganyen zogale a turmi, tana tacewa da farin ƙyalle, tana surka ludayi ɗaya da ruwa ludayi talatin. Ta yi masa bayani a lokacin cewa ba taki ba ne, shuka kawai yake farkarwa ta yi saiwa, ta ci takin tumakin da aka zuba mata, ta jure zafi. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Washegari ya kai ragonsa kasuwar Sabon Birni ya sayar, ya dawo da buhun takin zamani a kan babur, yana tafiya a hankali don kowa ya gani.

Yanzu ga shi masu sayen albasa daga Isa sun zo har sau biyu, kuma duk zuwan ta gefen gonarsa suka ratsa zuwa ta Kassimu, ba wanda ya ko rage tafiya.

* * *

Bayan sallar Juma'a aka zauna a gindin bedi, wato itacen dogon-yaro. Hira ta faɗa kan abin da ke cin kowa: 'yan bindiga sun hana noma a gonakin gabas, sun kore shanun Labbo makiyayi, kuma kowa ya yarda akwai mai kai musu labari daga cikin gari. Sai wani ya sako zancen albasar Kassimu, ya ce bana ko rudu uku na ajiyar albasa ba za su ɗauke ta ba.

Badaru ya gyara zama. Shi ne babba. Shi ya koya wa Kassimu riƙon fartanya.

"Ikon Allah," ya ce, yana jan carbi. "Mutum bai sayi ko mudu na taki ba. Kuma tashi gona ita ta kusa da daji, amma ko ganye ba a taɓa mishi ba. Ni dai ban ce komi ba."

Is'haƙa, wanda yake cikin 'yan sa-kai, wanda kuma aka kashe wa ɗa a harin bara, ya ɗago kai ya dube shi, ya daɗe bai sauke ido ba.

Badaru ya koma gida yana gaya wa kansa cewa gaskiya ya faɗa. Ai bai sayi taki ba. Ai gonar tana kusa da daji. Tasa ma haka take, amma wannan bai ga dalilin tunawa da shi ba.

* * *

Kwana huɗu maganar ta yi tana yawo, tana ƙiba. Aka ce an ga Kassimu da waya biyu. Aka ce ruwan nan da 'yarsa ke fesawa alama ce da mutanen daji ke ganewa.

Ranar Laraba da hantsi 'yan sa-kai suka sami Kassimu yana ban ruwa. Badaru yana nasa fangalin, bai fi taku arba'in ba. Ya ji sautin gora a kan jiki, ya ji Nuriyya tana ihu tana cewa zogale ne, wallahi zogale ne, ku zo ku ga turmin. Ya ji ƙaninsa ya kira "Yaya!" sau ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da buɗe wa ruwa hanya, har ruwan ya cika fangalin ya malala.

Sai da liman da mai gari suka sa baki aka sako Kassimu, hannun dama a karye, da sharaɗin ya bar gari. Albasar kuwa ba mai sayen da ya sake tambayarta.

* * *

Badaru ne ya ɗauko musu tabarmi da tukwane zuwa tashar motocin da ke zuwa Isa, garin da dangin matar Kassimu suke. Nuriyya ta shige mota ba ta dubi kowa ba.

"Yaya," Kassimu ya ce, muryarsa a dishe, "duk garin ga kai kaɗai ka rako ni. Ka tone albasar nan kar ta ruɓe, ka ci da iyali. In na taɓa saɓa maka, ka yahe mini."

Badaru ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Allah shi kiyaye hanya."

Kassimu ya lalubo goro a aljihu da hannun hagu. Ya kasa ɓara shi, sai ya sa haƙori ya raba, ya miƙa wa yayansa ɓari ɗaya ta tagar motar.

Motar ta tashi. Badaru ya tsaya a tashar har rana ta take, ɓarin goron yana rinewa ja a tafin hannunsa. Bai iya kai shi baki ba, bai kuma iya yar da shi ba.