Manoman da Aka Ce Ba Su da Jini

Cikin mako uku, mutum goma sha huɗu Lantana ta sallama daga ɗakin ajiyar jini ba tare da ta ɗibi ko leda ɗaya ba. Ita ce mai gwada masu ba da jini a wani asibiti da ke Ikara, kuma ƙa'ida ce: wanda ƙarfin jininsa bai kai ba, ba a ɗiba. Sai ga shi duk wanda ta gwada, lambar da injin ke nunawa sai ta gaza. Firijin ya kusa zama fayau.

Malam Yahuza, shugaban ɗakin gwaji, ya ce damina ce kawai. "Zazzaɓi ya kama mutane, ga aikin gona, ga rumbuna sun yi ƙasa. Ba baƙon abu ba ne."

Har ta fara yarda, sai ran Litinin wani manomi mai suna Gambo ya zo daga Kurmin Kogi. Ƙato ne, tafin hannunsa ja-jawur. Matarsa Rumaisa na kwance a ɗakin mata, za a yi mata tiyata ran Alhamis, likita kuma ya ce sai an tanadi jini irin nata. Lantana ta gwada shi, injin ya nuna sha ɗaya da ɗigo bakwai.

"Malam Gambo, ka yi haƙuri, jininka bai kai ba."

Ya dube ta da mamaki. "Malama, ni? Jiya ni kaɗai na loda buhun taki ashirin a mota. Ko haki ban yi ba."

Bayan ya fita ta zauna tana juya fifet a hannunta, wato ɗan bututun nan mai kama da biro da take zuƙar jini da shi daidai awo kafin ta zuba a ruwan gwaji. Shekara huɗu tana aiki da shi, ba ta tuna ranar da aka taɓa duba lafiyarsa ba. In fa yana zuƙar ƙasa da kima, ai ko jinin bijimi aka kawo sai ya fito tsinkakke.

"Yallaɓai, ina zargin fifet ɗin nan," ta ce wa Malam Yahuza.

"Sabo na karɓo shi da hannuna, Lantana. Ba irin na kasuwa ba ne."

"Ka ba ni yinin gobe kawai."

Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ta je.

Da safe ta shiga motar Makarfi. Can a makarantar da ta yi karatu akwai Baba Ilisha, dattijon da ke kula da ɗakin gwajin ɗalibai, yana da wani sikeli a cikin akwatin gilashi wanda ko gashin kai aka ɗora sai ya nuna nauyinsa. Bayan sun gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kashe fanka ya rufe tagogi, don iska ma tana motsa lambar.

"Tataccen ruwa ba ya ƙarya, 'yata," ya ce. "In fifet ɗinki lafiya lau yake, kowace zuƙa miligiram ashirin za ta ba mu."

Ta zuƙa, ta ɗiga. Sha shida. Ta sake. Sha shida da rabi. Na uku ma bai kai sha shida ba. Lantana ta tuna fuskokin mutanen da ta mayar gida, har da wata da ta ba shawarar ta riƙa shan zogale. Amma a lokaci guda ta ji wani sanyi a ranta, don ga ɓarawon a hannu.

Suka warware fifet ɗin a kan farin ƙyalle. Busasshen jini ya daskare a cikin hancinsa, ɗan zoben robar da ke toshe iska kuma ya tsage. Ta wanke da sifirit, ta bari ya bushe. Baba Ilisha ya zazzage wani tsohon gwangwanin madara, ya tsinto zobe daidai da shi. Ta shafa ɗan mai, ta mayar da komai, ta riƙa murɗa saitin kaɗan-kaɗan tana aunawa. Sai bayan azahar lambar ta tsaya. Sau goma a jere: ashirin, ashirin, ashirin da ɗan ɗigo. Dattijon ya rubuta a takarda ya sa hannu.

Kafin la'asar ta dawo Ikara, ta aika aka kira Gambo daga barandar ɗakin mata. Malam Yahuza na tsaye a kanta ta sake gwada shi. Sha huɗu da ɗigo shida.

"Yanzu fa, Malama?"

"Kwanta a gadon nan. Jininka har ya yi wa mutum biyu."

Gambo ya fashe da dariya yana naɗe hannun riga. "Ai na faɗa miki!"

Malam Yahuza ya karanta takardar Baba Ilisha har sau biyu. Ya jawo littafin masu ba da jini, ya zauna da wayarsa ya fara kiran waɗanda aka sallama da kansa, yana ba kowa haƙuri. Mutum tara suka dawo kafin Juma'a, wani daga Paki har da ƙannensa biyu.

An yi wa Rumaisa aiki lafiya. Ran Asabar Lantana ta leƙa ta tarar da ita zaune tana shan kunu, tana faɗa da Gambo a kan ya bar akuyoyinta a hannun maƙwabta. Lantana ta gaishe su ta fito da murmushi. A bakin ƙofa ta ci karo da Malam Yahuza riƙe da sauran fifet huɗu na ɗakin gwaji a naɗe cikin tawul.

"Ran Litinin ki kai waɗannan ma," ya ce. "Kuma tare za mu je. Ina so in ga yadda ake yi."