Giya Biyu Sai An Shiga Amshi

Birki ake ce masa a makarantar koyon tuƙi, don kalmar da ya fi furtawa ke nan tun da ya fara aikin. Har matarsa, idan ya ba ta haushi, da sunan take kiransa. Mutum ne mai kamewa, gemu ya fara furfura, ba ya dariya a gaban ɗalibi. Kiɗa kuwa, da ka tambaye shi a da, ce maka zai yi hayaniyar marasa aikin yi ce.

Wata rana maigidansa, mai makarantar, ya sayo wata tsohuwar mota 'yar Japan, fara, kujerunta na warin sabulun wasu mutane, ya damƙa masa makulli. Birki na murɗa makullin sai motar ta ɗauki kiɗa. Ganguna suka ɓarke a guje kamar an zubo tukwane daga bene, jita ta tsuga kuka, wani saurayi ya shiga rera waƙa iya ƙarfinsa cikin yaren da Birki bai taɓa ji ba. Ashe tsohon mai motar ya bar faifai a rediyo, ya maƙale. Bakanike ya zura waya, ya zura cokali, ya ce sai dai a fasa. Birki ya ce a bar shi, ai maɓallin kashewa yana aiki, ya kashe.

Washegari ya kunna, wai don ya tabbatar da munin abin. Kashegarinta ma ya sake tabbatarwa. Kafin wata ya kama, idan saurayin nan ya ja murya a amshin waƙa ta biyu, sai tsigar jikin Birki ta tashi. Bai san ko yaron budurwa ce ta guje shi ba ko jarrabawa ya faɗi, amma wallahi yana tausaya masa.

Ya shiga neman masu irin wannan kiɗa, 'yan rok na Japan, a waya, ya tarar da su jingim, masu jan gashi, masu kayan makaranta, 'yan mata masu dukan ganga kamar da gayya. Ya so da yawa daga cikinsu. Amma nasa bai same su ba, don bai san sunansu ba, sunan yana jikin faifan, faifan kuma yana cikin rediyo. Duk duniya a motar nan kaɗai yake iya jin su. Sai ya raɗa wa waƙoƙin sunaye da kansa. Akwai Ta Tashi, akwai Mai Kuka, akwai wata mai sanyi da ya sa wa Ta Ribas.

Dalilin sunayen shi ne, duk lokacin da aka tada motar, faifan daga farko yake somawa, Birki kuma hanya ɗaya yake bi da ɗalibansa kullum. Ba da niyya ba, koyarwarsa ta hau kan kiɗan.

"Kar ka saki kuloci sai ganga ta shigo," haka yake cewa. "Giya biyu sai an shiga amshi. Ka ji jita ta yi ƙara? Sa sigina."

Abin mamaki, suna iyawa. Wadda ta fi kowa iyawa kuwa Goggo ce, ƙanwar mahaifin maigida, tsohuwar ungozoma mai ƙiba da taurin kai, wadda ta gajiyar da duk malaman makarantar, ta faɗi gwajin lasin har masu gwajin sun san ta. A motar Birki sai ga Goggo tana zagaya shataletale tana gyaɗa kai, tana dukan sitiyari da zobe.

"Ɗan nan, yaron nan yana da ciwo a rai," ta ce masa ranar nan a tsakiyar Mai Kuka. "Na karɓi haihuwa da yawa, na san kukan gaske."

Birki ya ji kamar ya rungume ta, amma ya ce, "Duba madubi, Goggo."

Ana nan sai maigida ya kira shi ofis. Maƙwabta sun kawo ƙara, wai motar koyo tana wucewa kamar gidan biki.

"Ka ji ni da kyau," in ji maigida. "Goggo za ta sake shiga gwaji. In ta faɗi, na san akwalar nan ce da haukan da ke cikinta, zan sayar da ita ga masu yankan ƙarfe."

"Ranka ya daɗe, ba za ta faɗi ba."

Birki ya fito. Ya tsaya ya dubi motar a inuwa, ya ji tsoro irin wanda bai ji ba tun yana yaro.

Ranar gwaji mai gwajin ya zo, wani siriri mai tabarau, fuska a murtuke. Ya zauna gaba, Goggo a sitiyari, Birki a baya. Goggo ta murɗa makulli, ganguna suka ɓarke. Mai gwajin ya zabura har kansa ya bugi rufi, ya kai yatsa ya kashe.

"Ba a gwaji da rediyo. Mu je, Goggo."

Goggo ta riƙe sitiyari. Ta dubi ƙafafunta, ta dubi giya, ta dubi mai gwajin.

"Ina jiran ganga," ta ce.

"Wace ganga?"

"In ba ta shigo ba ta yaya zan saki kuloci? Kai ma dai."

Mai gwajin ya cire murfin biro. Birki ya ga masu yankan ƙarfe a idonsa, da gudumarsu. Ya leƙo daga kujerar baya.

"Yallaɓai, doka ta hana rediyo. Ta hana malami yin waƙa?"

Mutumin ya yi tunani na gaskiya, don mai bin doka ne. "Ba wanda ya taɓa tambaya," ya ce.

To, a nan ne Birki, mutumin da ko a bikin 'yarsa bai taɓa tafi ba, ya kama dukan bayan kujera da tafin hannu biyu. Ya yi gangar, ya yi jitar ta hanci, sannan ya buɗe baki ya saki muryar saurayin nan, kalma bayan kalma, ba tare da ya san ma'anar ko ɗaya ba. Goggo ta saki kuloci lafiya lau, mota ta tashi kamar a kan mai. Ya shiga amshi, ta sa giya biyu.

Matsalar ita ce mai gwajin yana da tasa hanyar. Suna tsakiyar Mai Kuka ya nuna wani gurbi tsakanin motoci biyu.

"Shiga nan da baya."

"Ba a zo wurin ba," in ji Goggo. "Saura waƙa ɗaya da rabi."

"Goggo, zan tsallaka," Birki ya ce yana haki.

"Ka tsallake yaron yana cikin kuka? Ba ka da imani, ɗan nan."

Ya tsallaka. Ya sauke murya ya shiga Ta Ribas, a hankali, ido a rufe. Wani mai wankin mota ya saki tiyo yana kallonsu. Goggo ta zura motar cikin gurbin tana tsaki, ba ta taɓa kowa ba. Wajen fitowa motar ta mutu. Goggo ta sake tadawa, ta harɗe hannu.

"Daga farko," ta ce.

Haka ya koma farko. Sau biyu motar ta ƙara mutuwa, sau biyu ya koma. Da suka dawo bakin ofis muryarsa ta dushe, gumi ya jiƙa rigarsa, tafin hannunsa ya yi ja. Mai gwajin ya daɗe yana goge tabarau.

"Tuƙin dai babu laifi," ya ce. "Ta ci. Ku fita min daga ido."

Birki bai iya magana ba, sai ya dafa rufin motar yana murmushi shi kaɗai. Maigida ya iso da fara'a, yana ta sa masa albarka, ya juya ga Goggo.

"Goggo, faɗi motar da kike so, a kawo miki."

"Wannan," ta ce, ta nuna da haɓa. "Ai ban iya tuƙa wata ba."

"An gama. Kai kuma Birki, ka cancanci sabuwa. Mai sanyi, shiru kamar ɗakin asibiti. Ba ka gode ba?"

Birki ya buɗe baki, babu murya. Maigida ya ɗauka murna ce ta hana shi magana, ya bubbuga masa kafaɗa.

Ran Litinin yana zaune a sabuwar motar a bakin titi, da sabon ɗalibi, wani akawu da bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ledar kujeru ma ba a cire ba. Akawun ya ce, "Malam, yaushe zan saki kulocin?"

Birki ya saurara. Babu komai sai hucin na'urar sanyi. Ya nemi amsar a kansa ya rasa.

Can sai ya jiyo ta daga nesa. Farar motar ta taho, gilasai a sauke, Goggo tana gyaɗa kai, daidai wurin da saurayin ke jan murya. Ta ɗaga masa hannu, ta wuce, kiɗan yana raguwa.

"Bi ta," Birki ya ce da dusasshiyar murya. "Don Allah bi motar can."

"Malam, ai ban iya tashi ba."

Birki ya sauke gilashi ya leƙa da kansa waje, yana kasa kunne, har ta sha kwana.