Goshin Jirgin Ummaru

Duk masuncin da ke bakin kogin Shari a ƙasar Chadi ya san jirgin da Malam Ummaru ya sassaƙa tun daga nesa. Yakan ɗaga goshin jirgi ya lanƙwasa shi kamar ƙahon rago, yadda mahaifinsa ya koya masa. In ka hango wannan goshi a kan ruwa, ka san na gida ne tafe.

Wata rana wani hafsa mai sintirin kogi ya zo rumfarsa a unguwar Sabangali, baki kamar zuma.

"Usta, gwanin sassaƙa, a Amurka an yi wani masassaƙi irinka, shi ya ƙera wa ƙasarsa jiragen yaƙinta na farko. Har gobe ana ambatonsa. Jirage nake so, masu ɗaukar inji."

Kan Ummaru ya fasu. Yabo kuwa ko dattijo yana sa shi tuntuɓe. Ya ture aikin talakawa gefe, ya zaɓi katako mai kyau, ya ɗaga wa jiragen goshi irin nasa don a san hannun wa ya yi.

Ba a jima ba ƙanensa Buba ya faɗo rumfar, jiƙe sharkaf, ko sallama babu.

"Yaya, 'yan sintiri sun ƙwace mini jirgi da koma. Wai mun tsallaka zuwa ruwan Kamaru."

"To me ya hana ku gudu, yadda kuka saba?"

"Gudu? Goshinka muka hango! Har hannu na ɗaga musu."

Takaici ya turnuƙe Ummaru. Shekara da shekaru masunta sun amince da wannan goshi, shi kuma ya ɗauka ya miƙa wa mafarauci ya ɗana tarko! Cin amana ne tsagwaronsa, kuma da gizagonsa aka yi.

Washegari hafsan ya dawo, fuska wasai.

"Usta, aikinka zen, ya yi kyau! Ƙaro mana. Amma kada ka taɓa goshin nan, ba sa gudunsa."

"Ranka ya daɗe, ko ƙusa ɗaya ba zan ƙara buga muku ba. Ku mayar wa ƙanena abin cin abincinsa."

Hafsan ya ɗaga kafaɗa. "Kalas, shi ke nan. Akwai kafinta a unguwar Mursal, ya riga ya auna goshin."

Da la'asar Ummaru ya gangara bakin ruwa inda masunta ke gyaran raga. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Daga yau in kun hango goshina, ku gudu."