Rabin Ƙwarar Suga

Naja'atu ta juye gwangwanin a tafin hannunta, ta bubbuga gindinsa, ta leƙa ciki. Suga ƙwara uku ne, babu ƙari. Daga cikin ɗaki ta ji Gwaggo Iyatu ta sake kelaya amai, Rekiya, innar Naja'atu, tana ta jera mata sannu.

"Nawa kika iske?" Rekiya ta tambaya daga ciki.

"Uku, Inna."

"To jefa su duka ki kawo."

"Biyar anka ce."

"Wanda ya ce biyar ai sai ya kawo biyu. Ki yi maza."

Gwaggo Iyatu mai masa maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba su, ita ma katangar ruwan bara ya cinye rabinta, sai a tsallaka kawai. Ba danginsu ba ce, amma duk garin Sakajiki Gwaggo ake ce mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗa guda gare ta, Atiku, ɗan kabu-kabu. Amai da gudawa ya shigo garin a tsakiyar damina, ya riga ya ɗauki mutum uku a unguwar mahauta, yau kuma da sassafe ya faɗo wa Gwaggo tana cikin dama ƙullu. Atiku ya gwada ɗora ta a babur ta zame masa kamar tsumma, sai ya tafi garin Kasuwar Daji neman mota. Ruwa kuwa an kwana ana yi, rafi ya kawo, babu wanda ya san yaushe zai dawo. Maza duk suna gona. Musa mai shago ma ya datse kwaɗonsa ya bi su.

Saura Naja'atu, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandaren 'yan mata ta Kaura, da ta zo dogon hutu.

Malaminsu na lissafi, Malam Armiya'u, da girki yake koya musu rabi da kwata da sulusi. Aikin hutun da ya ba su shi ne kowace ta samu mai sana'ar abinci ta tambayi awon da take yi, ta ninka shi, sannan ta raba shi biyu. Shi ya sa Naja'atu ta ƙare hutun nan a gindin tandar Gwaggo.

"Gero tiya ɗaya da rabi nike jiƙawa," Gwaggo ta ce mata ranar farko. "To ranar da ba kasuwa, rabin wanga nawa ne, 'yar boko?"

"Kwata uku na tiya."

"Ji min ɗiya! Ni shekara talatin da ido nike yi, ashe abin har suna gare shi."

Daga ranar ta samu abin yi. Duk wanda ya zo sayen masa sai ta tsayar da shi ya ji yadda ɗiyar Rekiya ke raba ɗaya da rabi gida biyu ba tare da ta taɓa ƙasa da yatsa ba. Ladan kuwa masa ce mai zafi, da ƙwarar suga a kai. Gwaggo mace ce mai son zaƙi, ko goro ba ta ci, suga take jefawa a kunci tana tsotsa tana juya masa.

A cikin girke-girken da Malam ya rubuta musu a allo har da ruwan gishiri da suga na mai gudawa. Ruwa cikin babbar kwalba ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, suga ƙwara biyar. Da aka tambaye shi wace kwalba, ya ce ta giya, aji ya ɗauki dariya. Sai ya dubi ƙofa, ya gyara murya, ya ce yanzu da Shari'a ta zo sai a ce kwalbar lemo biyu, duk awo ɗaya ne. Ya kuma ja musu kunne cewa wannan ba miya ba ce da za a ɗanɗana a ƙara, idan awo ya kauce maganin sai ya koma cuta. Gwaggo ta taɓa mallakar irin babbar kwalbar, koriya, a ciki take zuba man gyaɗa. Makon da aka ƙaddamar da Shari'a Atiku ya jefa ta masai don kada a gani a yi masa surutu, Gwaggo ta kwana biyu tana yi masa faɗa.

Naja'atu ta ɗauko kwalbar lemo ta ɗauraye. Kwalba ɗaya rabin awo ce. Rabin cokali ɗaya, rabin cokali. Rabin biyar, biyu da rabi. Ta ɗora ƙwara ta uku a kan faifai, ta sa wuƙa a tsakiya ta danna. Ta rabe, gari ya ɗan zuba. Ta lakace garin ta sa a kofi, ɗaya rabin kuma ta ƙulle shi a bakin zanenta.

"Mi kike ɓoyo?" Rekiya ta ce, ta fito da kwanon amai.

"Rabi ne ya rage. In an samu biyu sai mu haɗa kwalba ta biyu."

Rekiya ta wuce bayan ɗaki. Ta zubar da kwanon a rami, ta wanke hannu da toka, ta zura hijabi. "Aza wani ruwan. Bari in bi gidaje."

Ɗakin Gwaggo ya yi duhu, yana warin da Naja'atu ba ta taɓa ji ba. Matar da jiya take cika tsakar gida da murya, yau ga ta kwance a tabarma, idanu sun faɗa, kumatu sun lotsa, yatsu sun yamushe kamar ta wuni tana wanki. Naja'atu ta tallafo kanta, ta soma ba ta da cokali, kaɗan-kaɗan, yadda aka ce.

"'Yar boko," Gwaggo ta ce, muryar can ƙasa. "Nawa kinka sa?"

"Biyu da rabi, Gwaggo."

"Rowa dai."

Ta yi kamar za ta yi dariya, sai amai ya taso. Rabin abin da ta sha ya dawo. Naja'atu ta goge mata baki ta ci gaba. Tsoro ya kama ta, amma ta riƙe lissafinta da ƙarfi, domin shi kaɗai gare ta. Tana gani a ranta in dai awo bai kauce ba, Gwaggo za ta kai har Atiku ya zo.

Ruwa kuwa ya ƙi tafasa. Itacen jiƙaƙƙe ne, sai hayaƙi yake yi yana tsiyayar da ruwa ta gindi, kamar da gayya. Ta fita ta hura, ta dawo ta ba da cokali biyu, ta sake fita. Kafin azahar kwalbar farko ta ƙare.

Rekiya ta dawo ƙafafunta duk taɓo. Gida nawa ta shiga, Allah kaɗai ya sani. Tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, wa ke ajiye suga? A gidan Liman ne uwargidan ta kwance ƙullin mayafinta ta ba ta ƙwara biyu da ta ajiye don shayin maigida.

"Biyu!" Naja'atu ta ce. Rabon da ta ji daɗi irin wannan tun safe. "Inna, ya cika. Biyu da rabi."

Ta sauke ruwan da ya samu ya tafasa da ƙyar, ta auna kwalba ɗaya a kwano, ta shigo da shi ɗaki tana juya shi daga wannan kwano zuwa wancan don ya huce. Ta jera kayanta a kan faifai kusa da tabarma: ƙwara biyu, rabin nan da ta kwance daga zane, da gishiri.

Gwaggo ta buɗe ido. Kallonta ya sauka a kan faifan.

"Naja," ta ce. Ba ta taɓa kiranta haka ba sai yau. "Ba ni guntun nan in tsotsa. Bakina ɗaci."

"Gwaggo, na magani ne. In kin sha shi awo ya ɓaci."

"Guntun kawai."

"Ki ba ta mana," Rekiya ta ce a hankali.

"Inna, in na ba ta saura biyu. Biyu ba ya yi. Yanzu ruwan zai huce, duk cikinta za shi." Ta juya wurin Gwaggo, tana magana da sauri, kamar mai lallashin yaro. "Ki yi haƙuri kaɗan, Gwaggo. Kaɗan ya rage. In Yaya Atiku ya zo kwali guda za ki sha."

Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta daɗe tana kallon guntun sugan, ta motsa busasshen harshenta a kan leɓe. "To," ta ce. "Ke kin san lissafi."

Naja'atu ta ci gaba da juya ruwa. Ta tsoma yatsa, da sauran zafi. Ta ɗaga kwanon sama sosai tana tsiyayowa, tana hurawa da baki, idonta na kan tururin. Ba ta ga lokacin da Rekiya ta matsa kusa da tabarma ba. Sai dai ta ji innarta tana karanta kalmar shahada a hankali, tana maimaitawa, daga nan kuma ta ji ta yi shiru.

"Ya huce," Naja'atu ta ce. "Inna, ɗaga mata kai."

Rekiya ta sa tafin hannu ta shafe idanun Gwaggo. Ta jawo zane ta rufe mata fuska. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Aje kwanon, Naja'atu."

Ba ta ajiye ba. Tana riƙe da shi har mata suka fara tsallako katanga, har wata ta ɓamɓare yatsunta ta karɓe.

Bayan la'asar Atiku ya iso da wata tsohuwar a-kori-kura, wandonsa jiƙe har cinya. A hannunsa akwai kwalin suga sabo, ba a ko buɗe ba. Ya ga takalman maza a ƙofar gida, ya tsaya, sannan ya zauna a cikin taɓon. Motar da ya yini yana nema ita ta kai Gwaggo maƙabarta kafin magariba.

Babu wanda ya ce wa Naja'atu ta yi laifi. Ma'aikacin lafiya da ya zo washegari yana zuba magani a rijiyoyi ya ji labari, ya ce awonta daidai ne, ciwon ne ya fi ƙarfin kofi, sai ƙarin ruwa a asibiti. Matan zaman makoki suka yi ta sa mata albarka. Ita kuwa duk wannan bai shige ta ba. Daidai ɗin ne ma ya fi ci mata rai. Da kuskure ta yi, da ta san abin da za ta gyara. Abin da ta sani kawai shi ne tsohuwar da ta ciyar da ita masa da suga duk hutun nan ta roƙe ta abu ɗaya, ƙarami, ta hana ta.

Ran sadakar uku aka aike ta ɗakin Gwaggo ta ɗauko tabarmi. An share, an yayyafa magani, an fitar da komai rana. Tandar masa na jingine a bango, man jikinta ya daskare. Kwalin Atiku yana kan taga yadda ya ajiye shi. Faifan ne kawai aka manta a bayan ƙofa. Ƙwara biyun wani ya ɗauke, amma guntun, da yake guntu ne, an bar shi.

Sanyin damina ya sa ya jiƙe, ya soma narkewa a jikin kabar faifan. Ta durƙusa a gabansa. A waje ana ta kiran sunanta, tabarmi ake jira. Kiyashi sun yi layi daga gindin bango, suna zuwa suna ɗiba kaɗan-kaɗan suna komawa, ita kuwa ko hannu ba ta ɗaga ta kore su ba.