Ƙwayoyin da Aka Zuba a Kwata

"Wa ya zubar da maganin nan?"

Ni na yi tambayar, ina tsaye a tsakar gidan maƙwabciyata, ko jakar makaranta ban ajiye ba. Ƙwayoyin suna cikin kwatar wanke-wanke, sun jiƙe sun narke kamar garin alli.

Yayarta ta fito daga ɗaki da kofi a hannu. "Ni ce, Malama. Sai me?"

Maƙwabciyar tawa tela ce, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta direban babbar mota ne, gida sai jefi-jefi. 'Yarsu ɗaya, wadda duk layin ke kira Ƙyalle, a ajina take. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne mutanen da za su tsaya su ji wane irin ciwo ne ke damun matar gidan.

Lufus, haka likita ya kira shi, ina zaune kusa da ita ranar. Da jan tabo ya fara, a kumatu biyu, ya haura karan hanci, in ta shiga rana sai ya tashi. Gashi ya zube. Yatsu suka kumbura har zura zare a allura ya gagare ta. Da ta rame, layi ya yanke hukunci: ƙanjamau. Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa. Wata ta aiko a karɓo mata atamfarta ba a ɗinka ba, ta tafasa ruwa ta wanke ta. Gida-gida na bi ina cewa ba ita ba ce, kuma ko ita ce, ba a ɗaukar ta a jikin atamfa. Sai su ce, "To, Malama," su ja ƙofa.

Yayar kuwa ba gudu ta yi ba. Baro nata gidan ta yi ta zo jinya, ita ke wanka, ita ke wanki.

"Kemis na je in ƙaro mata shi," in ji ta. "Mai kemis da bakinsa ya ce min maganin nan rage garkuwar jiki yake yi. Mutum yana kwance ba ƙarfi, a ba shi abin da zai rage masa garkuwa? Kashe min ita za su yi? Ga na ƙarin garkuwa nan ya ba ni, shi take sha."

"Tun yaushe ta daina na asibiti?"

"An kwana biyu. Waɗannan ma a ƙarƙashin filo na gano ta ɓoye su."

Na ja numfashi, na yi magana a hankali yadda nake yi wa yara. "Yaya, ciwon iri biyu ne. Akwai wanda garkuwar jiki ke raunana, kowace cuta ta zo ta shige. Nata ba shi ba ne. Tata garkuwar da ƙarfinta, rikicewa ta yi, ba ta bambance baƙo da ɗan gida. Kamar karen gadi ne da ya koma cizon masu gidan. Maganin nan shi ne sarƙarsa. Kin kwance shi, kuma kina ba shi nama."

"Kare? Ƙanwar tawa kike haɗawa da kare? Nan ba aji ba ne, Malama. Shigo ki ga yadda ta yi ƙiba, maganina ya karɓe ta."

Na shiga. Fuskar ta cika, idanun sun ƙanƙance, ƙafafun kamar an hura. Na danna ƙwaurinta da babban yatsa, na ɗauke. Ramin ya tsaya, bai taso ba.

"Wannan ce ƙibar?" Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. "Ruwa ne, Yaya! Ruwa!"

Tela ta kamo gefen mayafina. "Bar ta, Malama. In na ƙi sha kuka take yi." Ta ƙara rage murya. "Fitsarin ma ya ragu, sai kumfa."

Ƙyalle tana bakin gado, tana riƙe da ƙafar uwarta, tana kallon ramin da yatsana ya bari.

A hanyar nemo mota na tsaya a kemis. Mai kemis ɗin yana naɗe wa wata mata kwalbar maganin ƙarin garkuwa, irin wanda ya ba Yaya.

"Wa ya sa ka hana mara lafiya maganin likita?"

"Ni ban hana kowa ba. Gaskiya na faɗa. Yana ragewa ko ba ya ragewa?"

"Yana ragewa. Don ya rage aka ba ta!"

"To fa! Ni dai ban taɓa jin wanda garkuwa ta yi wa yawa ba." Ya miƙa wa matar ledarta. "Safe da yamma, Hajiya."

A asibiti likita ya tambayi yaushe aka tsayar da maganin. Da aka faɗa masa, sai ya shiga duba ta. Daga baya ya ce ƙoda ce, kuma irin wannan magani ba a yanke shi farat ɗaya. Sun yi abin da za su iya. Ta rasu washegari da hantsi, mijinta yana hanya.

Matan layi suka zo gaisuwa, suka cika tabarmi. Ruwan da aka ajiye musu har ya yi ɗumi ba wadda ta taɓa kofin. Mai atamfar nan ta gyara zama ta ce, "Sai haƙuri. Irin ciwon nan, in garkuwa ta ƙare, ai shi ke nan."

Yaya tana kuka tana gyaɗa kai. Na buɗe baki, na ji in na fara ba zan iya tsayawa ba, sai na rufe.

Ƙyalle tana jingine da ni, kanta ba kitso. Ba ta kalli kowa ba.

"Ba ƙarewa ta yi ba," ta ce. "Tana nan da yawa. Ummata ce garkuwar ba ta gane ba."