Gidan Saura Ƙiris

Duk Kinkinau ba mai kiran gidanmu gidan Malam Jibrin. Gidan Saura Ƙiris ake cewa, har masu Keke. Baba ne ya jawo mana. Da ƙuruciyarsa shi ne ruwa a langar unguwarmu, wato wanda in ya kai ƙarshen fili yana tsalle da ƙafa ɗaya an ci wasa. Ranar karawa da Unguwar Sarki, yana dab da isa ya faɗi. Tun ban yi wayo ba nake jin sunan nan, kuma har gobe in aka faɗa raina ɓaci yake.

Sai ga wani fim ɗin Tamil da aka fassara ya cika wayoyin samari, na wasan kabaddi. Mutum ɗaya ke kutsawa cikin abokan karawa yana ta faɗin "kabaddi, kabaddi" ba jan numfashi, ya taɓa wani, ya komo layin tsakiya kafin su danne shi. Da wasan ne jarumin fim ɗin ya wanke sunan gidansu. Yayana Rilwanu, tela ne siriri kamar tsinken tsire, ya kalla har ya haddace. Samari suka zana fili da toka, suka aika wa Unguwar Sarki goron gayyata.

"Baba, zan shiga," in ji Rilwanu.

"Ka shiga ka ƙaro mana wani sunan?" Baba ko ɗagowa daga rediyonsa bai yi ba.

Amma ranar wasan, bayan la'asar, na hango shi can gindin mangwaro, wai wucewa yake.

Wasa ya zo ƙarshe ana kunnen doki, shiga ta ƙarshe kuma ta Rilwanu ce. Ya kutsa yana kabaddi, kabaddi, ya mari kafaɗar Bello mai faci, wanda ya fi kowa girma a cikinsu, ya juya. Bello ya yi sufa ya cafke masa idon sawu, ya ɗaga ƙafar sama. A fim ɗin, duk wanda aka kama wa ƙafa haka tasa ta ƙare, su kuma 'yan Unguwar Sarki a fim suka koyi wasan. Maimakon su taru su danne shi, sai suka hau tafi da ihu.

Sun manta ɗan gidan wa suka riƙe. Mu da ko aike a tsakar gida da ƙafa ɗaya muke zuwa! Rilwanu ya gyara tsayuwa, ya yi tsalle, ya ƙara, yana jan Bello a ƙasa kamar buhun masara, muryarsa na shaƙewa.

"Kar ka dubi ƙasa! Layin za ka duba, Rilwanu!"

Muryar Baba ce, ban taɓa jin ta haka ba. Kafin sauran su farga su rugo, Yaya ya miƙa hannu ya daki tokar nan har ta yi sama.

Na yi guɗa har maƙogwarona ya yi zafi, ban ji kunyar kowa ba. Baba ya ratsa mutane, idonsa jawur. Ya cire hularsa ya kafa wa Rilwanu a kan gumi da ƙasa. Daga nan ya taka har gida ta babban titi, dattijo guda kai ba hula, yana tsayawa ƙofar kowane shago shi ke fara gaisuwa.