Ƙarfe a Garin Kunu

Ranar da saƙon Alhaji Abdurrazak ya iso Jiratawa, Zuliha na zaune a tsakar gida tana tsinke ganyen zogale. Ta saurari muryarsa a waya har sau uku, sannan ta ajiye faifai ta rangaɗa guɗar da ta watsa awakin maƙwabta. Alhajin babban ɗan kasuwa ne a Maraɗi, butik huɗu gare shi, wato kantuna. Ya ce ya ɗanɗana garin kunun yara da ƙungiyarsu ke yi, kuma yana son ya riƙa sayar da shi. Sharaɗi ɗaya ya kafa: a kai garin zuwa labo, wato ɗakin gwaji, a auna, a kawo masa takardar da ta nuna babu wani baƙon abu a ciki.

Wannan sharaɗi bai ɗaga wa Zuliha hankali ba ko kaɗan. Shekara uku ke nan tana shugabantar mata goma sha biyu, suna haɗa gero da wake da soyayyar gyaɗa da garin zogale, suna ƙullawa a leda suna sayarwa ranar kasuwa. Ta san yadda suke aiki. Su sheƙe hatsi, su tsince, su rege shi a ruwa sau biyu, su shanya bisa tabarmar da aka ɗora kan gado don kada ta taɓa ƙasa. Ita da kanta ta hana shiga wurin aikin da ɗan kunne ko awarwaro.

"A auna mana," ta ce wa matan da suka taru jin dalilin guɗar. "Ko a Yamai za a auna shi, ni dai ban jin tsoro."

Washegari da sassafe ta hau bayan moton ƙanenta Idirisa, wanda ke gyaran rediyo a Sabon Garin Maraɗi, leda biyar na gari a cikin jakarta. Duk tsawon hanya tana zuba masa labarin irin takardar da za su liƙa a jikin ledar, da hoton uwa da ɗanta da za a zana. Iska na kwashe rabin maganar, shi kuwa yana ta "to, Yaya" ba tare da ya ji ba.

Labon wani ƙaramin gida ne a unguwar Zariya cikin Maraɗi, da farin fenti da bishiyar lemo a ƙofa. Idirisa ya sauke ta nan ya wuce shagonsa. Wadda ta tarbe ta matashiya ce mai farar riga, ta ce sunanta Malika.

"Tanti, kina so ki bari ki dawo, ko ki tsaya ki gani?"

"A'a, Madam, ai ƙafata ƙafar garin nan. In ana gani, zan gani."

Malika ta yi dariya, ta miƙo mata hular rufe gashi da takunkumin hanci. Ta farke leda guda, ta auna rabin kilo a sikeli, ta juye a kan wasu rariyoyi uku da aka jera ɗaya bisa ɗaya, kowace ta fi ta samanta ƙananan idanu. Ta girgiza su, sannan ta zazzage abin da ya rage a kan farin faranti, ta kunna fitila, ta duƙa da gilashin da ke ƙara wa abu girma.

"Nan nike neman tsakuwa, da gashi, da zare, da ƙwari, da fasasshiyar kwalba," ta ce. Ta yi ta juya tsakin da ɗan hantsaki. "Ɓawon gyaɗa ne wannan. Wannan ma. Kai, Tanti, hannunku na da tsabta."

Zuliha ta ji kanta ya yi girma. Aka zo gwaji na biyu. Malika ta dama garin a dogon kofin gilashi, ta yi ta tsiyaye ruwan sama tana ƙara sabo, har ya rage ɗan abin da ya kwanta a ƙasa. Ta murza shi tsakanin gilasai biyu, ta kasa kunne. Babu ƙaras-ƙaras na yashi.

"Saura ɗaya," in ji ta.

Ta ɗauko wani ɗan sandan ƙarfe mai tsawon yatsa biyu, ta ce maganaɗisu ne. Ta naɗe shi da siririyar leda, ta baje sabon gari a tire, ta riƙa jan sandan a ciki a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Da ta ɗago shi, sai Zuliha ta ga bakinsa ya yi baƙin gashi-gashi, a tsaitsaye kamar gemun da bai sha aska ba. Malika ta kai shi kan farar takarda, ta zare sandan daga ledar, baƙin abin ya zube.

"Mi ne ne wannan?"

"Ƙarfe ne, Tanti."

Zuliha ta dafe ƙirji. Jikarta Hidaya, ƴar wata tara, wannan kunun take sha safe da yamma. Zuliha ta matso ta sa yatsa ta taɓa baƙin abin. Laushi gare shi kamar kwalli, amma can cikinsa akwai wani ɗan tsinke mai ƙyalli wanda ya soke ta.

"Wallahi, Madam, ba mu sa komi ba. Ko cokalin ƙarfe..."

"Na sani. Ba daga hannunku ba ne, da na gani a rariya. Ina kuke niƙa?"

Nan take abin ya faɗo mata. Makon jiya da ta kai niƙa, ta tarar da dattijo Maman Lawali mai inji ya kwance haƙoran injinsa, faifan ƙarfen nan biyu masu murƙushe hatsi, yana wasa su tartsatsi na tashi. Har ta yaba masa, don garin ranar ya fi na kullum laushi. Ta gaya wa Malika. Malika ta gyaɗa kai ta ce haka ne, sabon washi yana zubar da ƙarfe, balle in an matse haƙoran har suna gugar juna. Ta ce a manyan masana'antu akwai maganaɗisu a bakin inji, gari na wucewa yana kama ƙarfen, sai dai daga waje ake kawo shi.

Wani abu ya motsa a ran Zuliha, tsoron ya fara juyewa zuwa ɗoki. Ashe abin na da magani, kuma maganin ba wani ɓoyayyen sirri ba ne.

"Madam, ba ni in gwada da hannuna."

Ta ja sandan a cikin gari, ta ɗago, ta ga ya sake kamo ƙura kaɗan. Ta sake ja, ya ragu. A ja na huɗu ya fito fes. Ta kalli Malika ido waje.

"Ai kenan cire shi ake yi! Kowane maganaɗisu na iyawa?"

"In dai mai ƙarfi ne."

Ko sallama ta kirki ba ta tsaya yi ba. Ta tare ɗan kabu-kabu sai Sabon Gari. Tun tana yarinya ta san akwai wani baƙin zobe a bayan lasifika wanda ke kama allura, kuma ta san inda matattun lasifikoki ke tare. Ta tarar da Idirisa ya sunkuya kan wata rediyo. Ta wuce shi ta shiga cikin shagon tana birkita tarkace.

"Yaya, lafiya? An ba da takardar?"

"Takarda na nan tafe. Manyan lasifikokin nan na masu biki da suka ƙone, ina ka zuba su?"

Da ta yi masa bayani, sai shi ma abin ya kama shi. Ya jawo uku daga ƙarƙashin tebur, ya sa guduma da kurfi ya ɓalle zobban, kowane ya kai faɗin tafin hannu. Ya kusantar da ɗaya ga kwalin ƙusoshi, ƙusoshin suka yi tsalle suka manne. Suka kwashe da dariya kamar yara. Ya je wurin maƙerin kwano da ke kusa, aka lanƙwasa masa falle ɗaya ya zama indararo mai tsawon kamu biyu, ya jera zobban uku a ƙarƙashinsa ya ɗaure da waya. Ya rufe shago tun azahar ba ta yi ba, suka kama hanyar Jiratawa, Zuliha na rungume da indararon a baya kamar jariri.

Maman Lawali dattijo ne mai shekara ashirin a bakin inji, kuma bai ji daɗin maganar ba. Ya kashe injin, ya karkaɗe farin garin da ke girarsa.

"Zuliha, injin nan ya ciyar da garin ga tun kina amarya. Yau za ki ce mini ƙarfe nike ba mutane?"

"Baba, ban zo da faɗa ba. Ga shi, kai za ka gwada, ba ni ba."

Ta miƙa masa zobe ɗaya da ta naɗe a leda. Ya karɓa yana gunaguni, ya cusa shi cikin kwanon garin tuwon gidansa da ya niƙa da safe, ya juya, ya ɗago. Ya ƙura wa baƙin abin da ya manne a ledar ido. Matan da ke jiran niƙa suka kewaye shi suna leƙe.

"La'ilaha illallahu," ya ce a hankali. "Wannan na cikin tuwon da nike ci?"

Bai ƙara musu ba. Shi da kansa ya ɗauko sifana ya sassauta haƙoran, ya zuba tiya uku ta dusa ya niƙa don ta wanke cikin injin, ya ce a zubar, ko dabba kada a ba. Idirisa ya ɗaura indararon a bakin da gari ke fitowa, ya karkata shi yadda garin zai gangara siriri-siriri. Zuliha ta aika aka kirawo matan ƙungiya da sabon haɗi. Injin ya tashi, gari ya fara sauka. Bayan kowace tiya biyar sai a tsaya, Maman Lawali ya goge saman indararon da farin ƙyalle ya ɗaga kowa ya gani. Na fari ya fito da baƙin layi uku. Na biyu dishi-dishi. Zuliha ta sa aka sake bi da garin ta kan indararon, ƙyallen ya fito fari tas, mata suka ɗauki guɗa har masu aikin lambu suka ɗago kai.

A ranar ta sa aka kwaso duk ledojin da suka rage na tsohon niƙa, ta bi gida-gida wurin waɗanda suka saya ta musanya musu da sabo. Ba ta ɓoye wa kowa dalili ba.

Kwana biyu bayan haka ta koma Zariya. Wannan karon ba ta yi surutu a hanya ba, addu'a take yi. Malika ta bi gwajin ɗaya bayan ɗaya ba tare da gaggawa ba, rariya, ruwa, sannan sandan. Ta ja shi sau shida a ledoji uku dabam-dabam, ta duba da gilashi a ƙarƙashin fitila. Ta ɗago ta sauke takunkuminta, Zuliha ta ga murmushi.

"Tanti, babu komi. Gobe takardarki na fitowa."

Zuliha ta rungume ta da farar rigar da komi, ta manta ma da hular da ke kanta. Da ta nuna mata hoton indararon a waya, Malika ta daɗe tana kallo, tana ƙara girman hoton da yatsu.

"Akwai wata ƙungiya a Tibiri masu garin ɗanwake," ta ce. "Sau biyu suna faɗuwa a gwajin ga, har sun fara cewa za su bari. Ni in na yi musu bayani, gani suke maganar ƴan lakwal ce, masu karatun boko. Za ki raka ni ran Asabar?"

"Ni? In koya wa mutane?"

"Ke mana. Wa ya fi ki sani yanzu?"

Ran Asabar Alhaji Abdurrazak ya aiko mota ta ɗauki katan ashirin na farko. Zuliha ta bar mataimakiyarta Tahira ta kula da lodi, ita kuwa ta shiga motar Malika da sabon indararo da Idirisa ya haɗa. A Tibiri suka tarar da mata kusan talatin zaune ƙarƙashin rumfa, ga mai injinsu a gefe ya harɗe hannu yana hararar baƙin. Zuliha ta miƙe ta gyara mayafi, ta yi sallama.

"Sunana Zuliha, daga Jiratawa," ta ce. "Ni ma mai kai niƙa ce kamar ku. Wa ta zo da garinta? Ta kawo nan gaba."

Mata biyar suka miƙe a tare, kowace na ƙoƙarin riga ƴar'uwarta isowa da kwanonta.